Zane-zanen Malam Ƙasim a Gwarzo

Bashari ya daɗe da daina yi wa mutanen Gwarzo bayanin aikin da yake yi a jami'a. Idan an tambaye shi, yakan ce a ofis yake, mai tambaya ya gyaɗa kai, a shiga wata hirar. Da can, lokacin da yake da sauran kuzari, yakan tsaya ya warware: akwai wani gini a cikin jami'ar, bayan sashen koyar da zane, inda ake adana kayan fasaha na da da na yanzu, shi ne kuma mai kula da lafiyarsu. Sai a ce masa, wato dai mai gadi ke nan? Ya gaji da cewa a'a.

Aikin ba ya canza kama. Da safe ya buɗe sito, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar ciki, don hanci ne yake fara sanar da mutum idan laima ta shiga. Sannan ya bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙorai masu zane, ga akusa, ga tandaye na fata da allunan zayyana, ga manyan riguna na saƙi da na tsamiya kwance a akwatuna da ƙwayoyin kafur. Can ƙurya kuma zane-zanen fenti na malamai da ɗaliban da suka shuɗe, jingine da juna kamar masu jiran likita. Ya kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, ya buɗe rigunan ya duba ko asu ya shiga, ya ƙwanƙwasa katako ya saurara ko gara ta cinye cikinsa. In damina ce, ya zubar da bokitan da ya tara a inda rufi yake yoyo, ya mayar da su mazauninsu. Na'urar da take tsotse laima ta mutu tun shugabanni uku da suka wuce, tana nan a lungu, har an ɗora mata wata tsohuwar taskira. Baƙi kuwa sai a yi mako babu wanda ya leƙo, in ban da ɗaliban da aka tilasta wa zuwa da masu neman inuwa. Ran Juma'a ya kulle, ya hau mota zuwa Gwarzo wurin iyalinsa, Litinin da sassafe ya koma. Haka ya yi shekaru fiye da ashirin, har furfura ta cika masa gemu, gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama a kan matakala.

A farkon daminar nan ne sabuwar shugabar gidan, Dakta Rufaida, ta kira shi ofishinta. Mace ce mai zafin nama, ba ta daɗe da dawowa daga karatu ba, kuma har lokacin tana ganin duk abin da ya lalace zai gyaru idan an matsa. Bashari yana son halinta, yana kuma jin tausayinta, don ya ga irinta a baya. Ta gaya masa cewa iyalan marigayi Malam Ƙasim na Kabo sun aiko, suna so jami'a ta zo ta kwashe zane-zanen da ya bari, kyauta. Idanunta har sheƙi suke. Ta ce za su shirya baje koli da sunansa, a gayyato manya, wataƙila ma ta dalilin haka a samu wanda zai gyara rufin.

Bashari ya san marigayin farin sani. Malam Ƙasim ne ya kawo shi aikin nan tun yana saurayi. Shi ya koya masa cewa ba a ɗaukar zane da hannu ɗaya, ba a kama shi ta sama kamar kunnen akuya, ba a jingina fuskarsa da bango. Ya koyar a sashen zane har ya yi ritaya ya koma garinsu, ya ci gaba da zane a ɗakinsa har Allah ya karɓi abinsa bara. Bashari ya je ta'aziyya, bai sake komawa ba.

Ya ce, "Dakta, ina za mu ajiye su? Siton nan ko abin da yake ciki bai riƙe ba."

Ta ce a dai kawo su tukuna, sauran za a san yadda za a yi. Ya san wannan maganar sarai. Da ita aka cika siton.

Motar jami'a ba ta da lafiya, don haka aka ɗauko hayar a-kori-kura ta wani direba mai suna Ya'u. Bashari ya kwashi tsofaffin barguna da kwalaye da igiya da tamfol, suka kama hanya wata Talata, hadari yana haɗuwa yana watsewa a gabas. Gonaki sun yi kore shar, gero ya fara rufe kunya, mata da yara suna ta noman farko a bakin titi. Ya'u mai surutu ne, amma da ya ga abokin tafiyarsa ba ya tanka masa sai ya kunna rediyo.

A Kabo, matar marigayin, Hajiya Gwamma, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya sake yi mata ta'aziyya, ta tambayi iyali da mutanen Gwarzo da ruwan bana. Tsohuwa ce siririya, mai magana a hankali. Ta sa aka kawo masa fura, sai da ya sha sannan ta ce ɗanta ne zai nuna masa kayan. Ba ta ambaci sunansa ba, da yake ɗan fari ne. Wannan yaron kawai ta ce.

Yaron kuwa magidanci ne mai 'ya'ya, Malam Mudassir, malamin Islamiyya da ake girmamawa a unguwar. Bashari ya zo da shirin haɗuwa da mutum mai tsauri, don ya ji ƙishin-ƙishin cewa shi ne ya matsa a fitar da zane-zanen. Sai ya tarar da mutum mai sanyin murya da yawan sunkuyar da kai. Shi ya buɗe ɗakin. Warin fenti da man da ake tsarma shi yana nan bai gushe ba. Zane-zanen sun fi talatin, manya da ƙanana, wasu a rataye, wasu a jingine: kasuwar Kutama ranar cinta, 'yan rake a bakin hanya, wani tsoho yana gyaran keke, tantabaru a kan katanga, da wani babba da ya kusa tsayin mutum, na mata suna sussukar dawa. Abin da Bashari ya fara lura da shi shi ne ɗakin a bushe yake ƙarau. Daɓen siminti ne, rufin ba ya zuba, an ɗora komai a kan katako. Ya fi siton jami'a lafiya nesa ba kusa ba.

Ya so ya faɗi haka. Amma kafin ya buɗe baki Malam Mudassir ya fara magana, idonsa a ƙasa. Ya ce shi ba ƙin aikin mahaifinsa yake ba, da wannan hannun aka ciyar da shi aka yi masa karatu. Sai dai tun da aka binne tsohon bai samu natsuwa ba. Abin da ya karanta game da masu zana abu mai rai yana tsaye masa a ƙirji, yana tsoron kada ranar ƙiyama a ce wa mahaifinsa ya busa musu rai alhali ba zai iya ba. Wasu abokansa sun ba shi shawarar ya ƙone su. Ya ɗauko ashana har sau biyu, hannunsa ya ƙi.

Ya ce, "Ku tafi da su inda ake karatu da su, Malam. Ko Allah zai sa ilimin da za a samu ya rinjayi abin da nake tsoro."

Bashari ya haɗiye maganarsa. Suka shiga aiki. Ya naɗe kowane zane da bargo, ya sa kwali a kusurwoyi, Malam Mudassir da kansa ya riƙa kama masa, da hannu biyu, yana kawar da fuska daga abin da yake ɗauke da shi. Hajiya Gwamma ba ta fito daga ɗakinta ba har aka gama lodi. Da Bashari ya je sallama, daga bayan labule ta tambaye shi ko wurin da za a kai su yana da kyau. Ya ce ana kula da su gwargwadon hali. Ta ce madalla.

Suna cikin ɗaure tamfol wayarsa ta yi ƙara. Dakta Rufaida ce, muryarta a sama, ana hayaniya a bayanta. Ƙungiyar ma'aikata ta shiga yajin aiki tun da hantsi, an garƙame ƙofofin jami'a, ita kanta a waje take tsaye. Ba mota, ba mutum. Ta ce ya samu inda zai ajiye kayan na kwana biyu, abin ba zai daɗe ba.

Ya tsaya da wayar a hannu, ya dubi ƙofar gidan. Ta cikin zaure yana hango Malam Mudassir yana share ɗakin da aka kwashe, kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Ba zai iya ce masa a mayar ba. Iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa. Ya ce wa Ya'u ya juya kan motar yamma, su nufi Gwarzo.

Gidan Bashari ba babba ba ne: zaure, ɗakin matarsa Asta, ɗakin yara, da nasa. Nasa ne kaɗai mai daɓen siminti da sabon kwano, don shi ya gina daga baya. Asta ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu tana kallo ana shigo da kaya naɗe cikin barguna, ana fitar da gadonsa. Ta jira sai da Ya'u ya tafi. Sannan ta tambaya, baƙin nan kwana nawa za su yi, kuma shi mai ɗakin a ina zai kwana. Ya ce kwana biyu ne, zai shimfiɗa katifa a zaure. Ta dube shi irin kallon da mace take yi wa mijin da ta sani ciki da waje, ta koma kan tukunyarta.

Ya jera bulo a ƙasa, ya ɗora katako, ya jingina zane-zanen a kai, manya a baya, ƙanana a gaba, ya bar tazara tsakaninsu da bango. Ya shafa baƙin mai a gindin bangon, ya barbaɗa toka, ya watsa busasshen ganyen darbejiya. Da aka kece da ruwa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana bin rufin da ido. Ko ɗigo bai sauko ba.

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Kullum rediyo yana cewa an zauna an tashi ba a cimma matsaya ba. Albashi ya tsaya. Bashari, wanda rabonsa da riƙe fartanya da gaske tun kafin ya yi aure, ya koma gonar gadonsu a ƙauyen Jama'a, da yake babu halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Yakan fita bayan asuba, ya dawo bayan azahar ƙugu kamar an daka, tafin hannu duk kanta. Duk da haka kafin ya ci abinci sai ya wanke hannu, ya buɗe ɗakin, ya shaƙi iska, ya ɗaga zane-zanen ɗaya-ɗaya ya duba bayansu. In rana ta fito ya buɗe taga, in hadari ya taso ya rufe. Asta takan ce ko kaji ne da sai su yi ƙwai. A zaure kuwa sauro da sanyin ƙasa suka sa shi a gaba, ga masu sallama da suke tarar da shi a kwance kamar baƙo a gidansa.

Da farko matan maƙwabta sun riƙa shigowa kallo. Suka gane kasuwar Kutama, suka yi ta dariya suna musu a kan ko mai sayar da daddawar nan wance ce. Bayan 'yan kwanaki abin ya gundure su, suka daina. Wani dattijo a masallaci ya ja shi gefe ya ce ya ji an ce ya cika gida da hotuna, ya kamata ya yi hattara. Bashari ya ce amana ce ta wurin aiki. Dattijon ya ce to, Allah ya sauwaƙe. Dakta Rufaida takan kira, da farko kullum, daga baya jefi-jefi, tana ba shi haƙuri, muryarta tana ƙara sanyi a kowane kira.

Wata ranar Alhamis, gero ya fara fitar da kai, ya dawo daga gona ya tarar da Hajiya Gwamma zaune a ɗakin Asta. Ta zo gaisuwar rasuwa ne a wata unguwa, ta ce bari ta biyo, don Ya'u direba ya gaya wa wani, wani ya gaya mata, cewa kayan Malam ba su wuce Gwarzo ba. Kunya ta kama Bashari, ya fara bayanin yajin aiki. Ta ɗaga hannu ta ce ta sani, ba tuhuma ta kawo ta ba. So take a buɗe mata babban nan, na masussuka.

Ya ciro shi, ya kwance bargon, ya jingina shi inda hasken taga yake sauka. Asta ta kawo mata kujera 'yar tsugunno. Tsohuwar ta zauna ta daɗe tana kallo. Mata ne a fili bayan girbi, sanduna a sama, ƙaiƙayi yana tashi, rana ta yi ja a bayansu. Can ta nuna wata mai ɗaurin ƙirji da ta juya baya a gefen hagu, ta ce ita ce. Shekarar da aka kawo ta gidan ya yi shi. Ya roƙe ta ta juyo ta ƙi, don kunya, sai ya zana ta haka.

Daga nan maganar ta ɓalle mata, a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce shekara da shekaru tana jin haushin zane-zanen nan. Sun cinye mata ɗaki mafi kyau a gidan, sun cinye mata miji. Ta gama abinci ya huce yana can ciki. Yaro ba lafiya, yana can ciki. Warin fentin nan har a tuwo takan ji shi. Mutanen gari suna yi masa kallon wanda karatun boko ya taɓa wa kai, ita ce mai shan tambaya a gidan biki. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli ko ɗaya ba, in ta shiga ɗakin shara ce ta kai ta. Da yaron ya ce a fitar da su, har cikin ranta ta ji daɗi. To ga shi an fitar, ɗakin ya zama fili, an sa allo ana koya wa matan aure karatu a ciki, abin alheri. Amma ita ta kasa bi ta ƙofar.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗan nan, ranar nan na tambaye ka ka ba ni amsar ma'aikata. Yanzu gaya mini tsakaninka da Allah, can ɗin da za a kai su, yaya yake?"

Bashari ya dubi ƙasa. Ya gaya mata komai: yoyon rufi, bokitai, na'urar da ta mutu, rashin wuta, da yadda ake yin mako babu mai leƙowa. Ya ce ɗakin da suka baro ya fi.

Ya zaci za ta ce a mayar mata da ko da wannan ɗayan ne, har ya fara tunanin yadda zai yi da Dakta. Ba ta ce ba. Ta ce yaron ya samu barci tun da aka kwashe su, ba za ta mayar masa da abin da ya hana shi runtsawa ba. Mai rai ya fi.

Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Rufe shi. Ai na gani."

Marka ta sauka a watan da ya biyo baya, ruwa ba dare ba rana, katangu suna zubewa a unguwa. A cikinta ne zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bashari. Ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, Asta ta mayar da shi ɗakinta tana jinya, ga yara, ga girki da ɗanyen itace. Ba wanda ya tuna da ɗaki rufaffe. Ranar da ya iya tsayawa da ƙafafunsa, ya dafa bango ya je ya buɗe. Tun daga ƙofa hancinsa ya gaya masa.

Gara ta samu wata 'yar tsaga a kusurwar daɓen, inda ruwa ya jiƙa ƙasa ta ƙarƙashi. Ta gina hanyarta ta jar ƙasa ta hau bulo, ta bi katako, ta shiga layin baya. Ƙananan zane biyu da suka zame suka taɓa bango sun tafi gaba ɗaya, na tantabaru da wani na rijiya. Da ya ɗaga su sai katakon firam ɗin ya marmashe a hannunsa. Babban na masussuka kuwa ta ci gindinsa kusan kamu guda. Matan suna nan da sandunansu a sama, amma daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai sai huji da ƙasa.

Bai yi salati da ƙarfi ba, bai kira kowa ba. Ya zauna a daɓen, jiri yana ɗibarsa. Shekara ashirin da wani abu yana yaƙi da wannan ƙwaron a ginin da ba nasa ba, bai taɓa bari ya ci masa abu babba ba, sai a ɗakinsa. Asta ta leƙo ta gani. Ya jira ta yi maganar kaji, ko ta ce dama ta faɗa. Sai ta tafi ta dawo da tsintsiya da kwanon kalanzir, ta durƙusa ta fara kankare hanyar garar. Tare suka fitar da komai tsakar gida da rana ta ɗan leƙo, suka toshe tsagar, suka mayar. Ya kakkaɓe ƙasar daga bayan babban zanen da buroshi, a hankali, ya manna yadi ta baya don kada yagar ta ci gaba. Iya abin da zai iya ke nan.

Da ya ƙara samun ƙarfi ya hau mota zuwa Kabo, don bai ga dacewar a ji a bakin wani ba. Hajiya Gwamma ta saurare shi har ya gama. Ta tambayi jikinsa, ta yi masa faɗan fitowa bai gama warkewa ba, ta ce abin da ya fito daga ƙasa ai ƙasa ce za ta ci shi. Malam Mudassir ya rako shi har bakin titi. Sun yi nisa sannan ya tambayi waɗanne ne suka lalace. Bashari ya faɗa masa. Malam Mudassir ya ce na tantabarun nan yana yaro aka yi shi, tantabarunsa ne, shi ya riƙa watsa musu gero don su tsaya.

Ya ce, "Wallahi Malam, ban san abin da zan roƙa ba. In ce Allah ya tsare sauran, ko in ce ya tafi da su."

Mota ta zo, suka yi musabaha.

Sai bayan an yanke gero, dawa ta sunkuya, aka janye yajin aikin. Ya'u ya dawo da motarsa aka kwashe kayan zuwa birni. Siton da aka rufe tsawon damina ya yi abin da Bashari ya zata. Bokitai sun cika sun tumbatsa, silin ya rufto a gefe guda, fumfuna ta yi fari a kan tandaye da akusa, riguna biyu sun manne da akwatinsu. Dakta Rufaida ta tsaya a tsakiyar wurin ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dubi wannan, ta dubi zanen masussuka da aka jingina a ƙofa, ba ta zarge shi da komai ba. Wasu a sama sun tambayi dalilin da ya sa kayan jami'a suka yi damina a gidan ma'aikaci, aka kafa kwamiti, ya je ya yi bayani a tsaye. Kwamitin bai sake zama ba.

Baje kolin dai an yi shi, don ta rantse sai an yi. A barandar sashen zane aka rataye su, tun da zauren bai bushe ba. Manyan da aka gayyata suka aiko wakilai. Aka yi jawabai a kan muhimmancin al'ada, aka sha lemo, aka ɗauki hoto a gaban babban zanen, inda aka ajiye tukunyar fulawa don ta kare gindinsa. Ba wanda ya yi zancen rufi. Daga Kabo ba wanda ya zo: ƙafa ta matsa wa Hajiya, Malam Mudassir kuma ya aiko da godiya. Ba a jima ba Dakta Rufaida ta samu aiki a wata jami'ar. Ranar da za ta tafi ta zo sito ta yi masa sallama, ta ce ya yafe mata, ita ta jawo masa. Ya ce babu komai, ya yi mata fatan alheri, kuma da gaske yake.

Shi kaɗai ya sauke zane-zanen. Ya kwashe wasu tsofaffin ayyukan ɗalibai daga kanta mafi tsayi, a gefen da ruwa bai taɓa kaiwa ba, ya jera na Malam Ƙasim a can, yana hawa tsani yana sauka, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya yi kwanaki yana goge fumfuna daga fata da itace, yana shanya riguna a inuwa. Waɗanda suka cetu suka cetu.

Ran Juma'a ya isa Gwarzo bayan an sauko daga masallaci. Asta ta sa an mayar da gadonsa ɗaki, amma ta jibge buhunan gyaɗa da na wake a rabin wurin, ta ce ita ma amana ce, kuma tata ana ci. Ya yi murmushi, ya cire hula da takalmi, ya ce bari ya ɗan miƙe kafin a sauke abinci. Da ta shigo da kwanon ta tarar ya yi nisa, baki a buɗe, hannu ɗaya yana reto a gefen gado. Ta rufe abincin da faifai, ta kori yara zuwa waje, ta ja masa ƙofa. Har aka kira la'asar bai motsa ba, ita kuma ta bar shi sai da aka kusa tayar da salla.